Wace na'ura zan saya don kafa tashar rediyon sha'awa a gida?

Malam, tambayarka ta iso. Ka ce lasisinka ya fito, an ba ka lambar kira, kana da ɗan fili a bayan gida, kuma kana son ka zauna a ɗakinka ka yi magana da masu wannan sha'awa a wasu ƙasashe. Ka ce sunayen na'urori sun yi maka yawa har ka rasa na kamawa, tsakanin Icom da Yaesu da Kenwood, kana neman a faɗa maka guda ɗaya ka je ka saya. Zan faɗa maka, amma sai ka yi haƙuri mu bi ta filin nan naka tukuna, domin a can amsar take.

Kafin ka cire ko sisi, ɗauki awo ka auna filin nan. Eriya mafi sauƙi, wadda kusan kowa ya fara da ita, waya ce da aka raba biyu aka shigar da kebul a tsakiya, ita ake kira daifol. Lissafin tsawonta ba wuya: ka raba 143 da adadin megahaz ɗin da kake son aiki a kai, abin da ya fito shi ne tsawon wayar a mita. A megahaz 14, wato zangon mita 20, wayar za ta kai mita 10. A megahaz 7, zangon mita 40, sai ka sami mita 20 na fili. In kuwa zangon mita 80 kake hari, kusan mita 40 za ka shimfiɗa. Tsayi ma yana da nasa hukunci. Wayar da ka rataya ƙasa-ƙasa sama take harba saƙo ya dawo kusa, sai ka ji 'yan kilomita ɗari kaɗan da ke kewaye da kai raɗau, na nesa kuwa shiru. In ka ɗaga ta ta kai rabin tsawon zangon, misali mita 10 daga ƙasa a zangon mita 20, saƙon zai kwanta ya nufi nesa, ya bugi ayonosfiya, wani sashe na can saman sararin sama da ke mayar da saƙon rediyo ƙasa, ya sauka, kuma tsalle ɗaya yana iya kai shi kusan kilomita 4,000. Wannan awon shi zai gaya maka zangunan da za ka zauna a kansu, su kuma zangunan su gaya maka irin na'urar da kake bukata.

Abu na biyu shi ne hayaniyar gidanka, kuma a nan nake son in daɗe, don ita ce ta fi cinye wa mutane kuɗi ba su sani ba. Lokacin da na kafa tashata a gidan da nake yanzu, na kunna zangon mita 40 da magariba, sai na ga ma'aunin ƙarfin saƙo ya tsaya cak a S8, wato mataki na takwas, alhali babu wanda ke magana. Shuuu kawai, da wata ƙara mai kama da ta injin niƙa tana maimaita kanta duk bayan 'yan kilohaz. Na ɗauko batir na jona na'urar da shi, na je na kashe babban makunnin wutar gidan gaba ɗaya. Ina dawowa na tarar ma'aunin ya faɗo S2, ga muryoyi biyar ko shida suna ta hira a wurin da ɗazu na ɗauka kango ne. Daga nan na riƙa kunna layukan ɗaya bayan ɗaya ina lura, har na kama masu laifin: wata cajar kwamfuta mara suna, da ƙwan lantarki na LED guda biyu. Na canza su, zangon ya buɗe. Kowane mataki ɗaya a ma'aunin nan desibel 6 ne (desibel shi ne awon bambancin ƙarfin saƙo), don haka daga S8 zuwa S2 desibel 36 ke nan na samu a yammaci guda. Babu na'urar da ke kasuwa, komai tsadarta, da za ta ba ka wannan ribar. Inbata ta sola, cajar waya, talabijin, na'urar intanet, duk suna iya yin wannan ɓarna, taka ko ta maƙwabci. Ka ari ƙaramin rediyon gajeren zango mai batir, ko ɗan SDR, wato ƙaramar na'urar sauraro da ake soka wa kwamfuta, ka yi wannan gwajin kafin sayayya. Gani ya kori ji.

To, yanzu mu shigo ɗaki.

Tunda nesa kake so, na'urar HF, wato ta gajeren zango, ce taka, wadda ke aiki daga megahaz 1.8 zuwa 30, galibi har da megahaz 50. Ita oba-oba ta hannu, irin su Baofeng masu wat 5, da na'urorin FM na megahaz 144 da 430, aikinsu na kusa ne, iyakar inda eriya ke hangen eriya, sai in akwai tashar maimaitawa, mai karɓar saƙo ta sake watsa shi, a kan tsauni ko dogon gini. Suna da amfaninsu, amma ba za su tsallaka da kai teku ba a ranar yau da kullum.

A HF kuwa shawarata ɗaya ce: wat 100. Na san ƙananan na'urori suna jan ido. Xiegu G90 wat 20 take bayarwa, Icom IC-705 wat 10 in an ba ta wuta daga waje, kuma dukansu na'urori ne masu kyau ga wanda zai ɗauka ya fita da su. Amma ga sabon shiga mai waya ɗaya a bayan gida, ƙaramin ƙarfi yana kashe gwiwa. Za ka ji mutum tangaran, ka kira shi sau goma bai ji ka ba, har ka fara zargin na'urarka ko kanka. Daga wat 10 zuwa wat 100 akwai desibel 10, fiye da mataki ɗaya da rabi a ma'auni, kuma sau da yawa shi ne tazarar da ke tsakanin "sake maimaita lambarka" da hira mai daɗi. Mai wat 100 yana iya ragewa zuwa 5 duk ranar da ya ga dama, mai 10 kuwa ya kai maƙura. Haka kuma kada ka bi masu wat 200 saboda lambar. Ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 kacal ne, rabin mataki, wanda da ƙyar kunnen wanda ke can zai bambance. Sai ka kai wat 400 kafin ka ƙara mataki ɗaya cikakke a kan wat 100. Ka kuma duba takardar lasisinka, domin kowace ƙasa tana da iyakar ƙarfi da zangunan da ta yarje wa kowane aji. Iyakokin zangunan ma sun bambanta tsakanin yankuna uku da ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta raba duniya: zangon mita 40 yana tsayawa a megahaz 7.2 a yanki na ɗaya, a yanki na biyu kuwa ya kai 7.3. Shi ya sa kamfanoni ke fitar da samfurin Turai daban, na Amurka daban, na Japan daban, sai ka tabbatar wanda za ka saya ya dace da inda kake.

Cikin masu wat 100, akwai abubuwa uku da ba zan sayi sabuwar na'urar gida babu su ba.

Na farko shi ne allon da ke nuna zango. A da sai mu yi ta murɗa maɓalli a makance muna neman wanda ke kira. Yanzu kana kallon faɗin zangon gaba ɗaya a allo, kowace tasha ta zana layinta yana gangarowa kamar zubar ruwa, ka ga inda ake cunkoso, ka ga inda babu kowa, har ka gane siffar hayaniyar da ke damunka. Icom IC-7300 da ta fito a 2016 ita ta kawo wannan ga talakan mai sha'awa. Tana ɗaukar saƙo daga eriya ta mayar da shi lambobi kai tsaye, sauran aikin tacewa duk lissafi ne a cikin guntun kwamfuta. Ta bazu ƙwarai a duniya, kuma wannan bazuwar kanta riba ce gare ka: duk matsalar da za ka ci karo da ita wani ya riga ka, kowace manhaja ta san ta, in ka tashi sayarwa kuma ba za ka rasa mai saye ba. Yaesu ta amsa da FTDX10 a 2020, sannan FT-710 a 2022, dukansu da allo da kafar jona babban sikirin na waje, abin da asalin IC-7300 ba ta da shi.

Na biyu, kafar USB mai ɗauke da sauti. Ka lura da kalmar sauti, don nan ake yin kuskure. Yaesu FT-891 tana da kafar USB, amma ta sarrafa na'urar ce kawai, sautin sai ka sayi wani akwati daban. A IC-7300 da FT-710 da FTDX10 da Kenwood TS-590SG waya ɗaya ce tal tsakaninka da kwamfuta, ta ɗauki umarni ta ɗauki sauti. Ko da yau kana ganin murya kaɗai kake so, ranar da zango ya mutu za ka nemi FT8, tsarin musayar gajerun saƙonnin rubutu ta kwamfuta. Joe Taylor, wanda ya karɓi kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 1993, shi da Steve Franke suka fito da wannan tsari a 2017. Kowane saƙo yana tafiya cikin zagayen daƙiƙa 15, faɗinsa haz 50 kacal, kuma kwamfuta tana tsamo shi daga ƙarƙashin hayaniyar da kunne ba ya jin komai a cikinta. Ka sa na'urarka a megahaz 14.074 ka ga yadda allo ke cika da ƙasashe. Wannan zai ƙara muhimmanci a shekarun da ke tafe, domin zagayen rana na shekara 11 da muke ciki, na 25, ya fara a ƙarshen 2019 ya kai ƙololuwa wajen 2024, kuma in ya gangara zangunan mita 10 da 12 da 15 za su riƙa yin shiru na dogon lokaci. Abu ɗaya dai: a FT8 na'ura tana hura ƙarfi babu numfashi sama da daƙiƙa 12 a jere, ba kamar murya ba da ke hawa da sauka. Ka rage zuwa wat 30 ko 40, ka bar fankarta ta sha iska, ka kuma daidaita agogon kwamfutarka.

Na uku, madaidaicin eriya na ciki, wanda a takardun na'ura za ka ga an rubuta ATU. Amma ka san iyakarsa. Na cikin yawancin waɗannan na'urori yana gyara rashin daidaito ne har zuwa SWR 3 kawai (SWR shi ne awon rashin daidaito tsakanin na'ura da eriya). Aikinsa ya taimaki eriyar da ta kusa daidai ta rufe zangon daga farko zuwa ƙarshe. In ka jefa wata waya kan bishiya ba awo kana son ta yi kowane zango, sai madaidaici na waje mai faɗin aiki. Shi kuma madaidaici ba ya gyara eriya, na'urar kawai yake faranta wa don kada ta rage ƙarfinta. Icom IC-718 da FT-891 ba su da shi a ciki, sai ka sa kuɗin na waje a lissafi kafin ka ce sun fi araha.

Za ka ji ana ta muhawara kan jadawalin Rob Sherwood, wani Ba'amurke da ya shafe shekaru yana gwada kunnen na'urori, wato ɓangarensu na karɓar saƙo, a ɗakin gwajinsa yana jera su. Abin da jerin ke aunawa shi ne yadda na'ura ke iya jin raunanan saƙo alhali wani ƙato yana ruri kilohaz 2 kacal daga gefensa. Aiki ne na gaske, kuma ina girmama shi. FTDX10 da FT-710 suna sama da IC-7300 a jerin. Sai dai ka tambayi kanka yaushe za ka shiga wannan hali. Mai babbar eriya a kan hasumiya, a wuri mara hayaniya, yana gasar Mos, wato aika saƙo da ɗigo da layi, a ranar da kowane lungu na zango ya cika, shi ne zai ji bambancin. Kai da ke da daifol da hayaniyar S5 a unguwa, kunnen kowace daga cikin na'urorin nan ya riga ya wuce abin da gidanka zai bari ka ji. A ƙananan zanguna ma sau da yawa rage kunnen ake yi. Na sha ganin mutum ya kunna maɓallin ƙarin ji a mita 40 da dare, alamar OVF, mai nuna saƙo ya yi wa na'ura yawa, tana ta walƙiya a allon IC-7300 saboda manyan tashoshin watsa labarai da ke maƙwabtaka da zangon sun cika ta, yana cewa na'urar ba ta da kyau. Da ya kashe ƙarin jin ya ɗan murɗa maɓallin RF, mai rage kunnen na'ura, baya, sai komai ya lafa.

Abin da ya fi lambobin jadawali tasiri a zamanka na kullum shi ne yadda hannunka da kunnenka suka karɓi na'urar. Wata in kana son rage ƙarfi ko canza faɗin matatar saƙo, maɓalli ɗaya ne a gabanka. Wata kuma sai ka shiga jerin zaɓi hawa biyu ko uku, kafin ka fito wanda kake kira ya tafi. Mutane da yawa suna samun tsarin Icom da sauƙin koyo. Masu Mos da yawa kuma suna son TS-590SG, wadda ta fito a 2014, duk da ba ta da allon zango, saboda maɓallanta a fili suke, tana da kafar eriya biyu da ta uku ta sauraro kaɗai, kuma sautinta ba ya gajiyar da kunne. In akwai ƙungiyar masu sha'awa kusa da kai, ka je ka zauna gaban na'urar wani na awa guda da abin ji a kunne. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Akwai kuma masu haɗa komai a akwati ɗaya, kamar Yaesu FT-991A, mai wat 100 a HF da wat 50 a megahaz 144 da 430. In teburinka ƙarami ne, ko kana son SSB, tsarin muryar da ake amfani da shi a HF, a zangon mita 2 na megahaz 144, zaɓi ne mai ma'ana. Amma kunne ɗaya gare ta: kana HF ba ka jin abin da ake yi a tashar maimaitawa, kuma ranar da ta lalace duk tashar ta tsaya. Ni na fi son HF daban, da 'yar ƙaramar FM a gefe. Manyan kuwa irin su IC-7610 mai kunne biyu ko TS-890S, ka bar su sai ka yi shekara biyu a iska ka san abin da ke ƙuntata maka.

Na hannu fa? Ana samun alheri a ciki, in ka bi a hankali. Kada ka biya sai an kunna a gabanka an bar ta ta yi zafi. A jona ta da eriyar gwaji mai om 50 da ma'aunin wat, a bi zanguna ɗaya bayan ɗaya a ga kowanne yana ba da ƙarfinsa. Ka murɗa kowane maɓalli, ka duba allo ko akwai layin da ya mutu, ka shinshina bayanta ko akwai ƙaurin ƙuna, ka duba sukurorin murfi ko sun sha sukurdireba. Ka tambaya ko an taɓa buɗe ta don ta yi aike a wajen zangunan da aka yarje. Tsofaffin nan masu kwalaben lantarki a matakin ƙarshe na ƙara ƙarfin saƙo, irin su Yaesu FT-101 da Kenwood TS-520 na shekarun 1970, ina ƙaunarsu, amma ba na ba sabon shiga shawararsu a matsayin na'urar farko. Duk canjin zango sai ka daidaita matakin ƙarshe da hannu, kuma a cikinsu akwai wuta mai ɗaruruwan bolt da ke iya kashe mutum ko bayan an zare su daga soket.

Kada ka zuba duk kuɗinka a na'urar, domin ita kaɗai ba ta magana. Tana cin bolt 13.8, kuma a wat 100 tana jan sama da amfiya 20, don haka sai ka nemi na'urar ba da wuta mai amfiya 25 zuwa 30, wadda aka ƙera don rediyo. Masu arahar da aka yi don fitilu su ne ke cika zango da ƙara, ka sayi hayaniya da kuɗinka ka ajiye ta kusa da kunnenka. Wayar wutar ta zama mai kauri kuma gajera, da fis a jikinta. In siririya ce bolt zai faɗi duk sanda ka yi magana, muryarka ta fita a dagule, wani lokaci na'urar ta mutu ta sake tashi. In da batir za ka yi aiki, na litiyam irin LiFePO4 ya fi na dalma riƙe bolt ɗinsa har ya kusa ƙarewa. Kebul kuma, a HF in tazarar gajera ce siririn nan RG-58 zai yi, in ta yi tsawo ka koma mai kauri RG-213. A megahaz 144 kuwa mita 30 na RG-58 yana shanye fiye da rabin ƙarfinka kafin ya isa eriya. Ka nannaɗe mahaɗar da ke waje da kyau, don ruwa in ya shiga kebul ya gama da shi. Ka sa zoben ferait, wani zobe na musamman da ake zura kebul ta cikinsa, a inda kebul ya haɗu da eriya, ya hana saƙo biyo bayan kebul ya dawo ɗaki. Ka kafa sandar ƙasa a inda kebul ke shiga gida, a haɗa ta da ta wutar gidan yadda ƙa'idar lantarki ta wurinku ta tanada. In hadari ya haɗo kuma, ka zare kebul daga na'urar gaba ɗaya, kashe makunni kawai bai isa ba. Eriya kuma kada ta kusanci wayar lantarki ta kan titi, ko da za ta faɗi.

Ga amsar da ka nema. Da ni ne a matsayinka, da fili mai ɗaukar waya ta mita 20, zan ɗauki IC-7300 ko FT-710, duk wadda na fi samun mai sayarwa da garanti da wurin gyara a kanta, kuma duk wadda hannuna ya fi sabawa da ita bayan na taɓa su biyun. In kuɗin ya ɗan yi saura kuma Mos ko gasa na ranka, FTDX10, ko TS-590SG in za ka iya haƙura da allon zango. Zan rataya daifol na mita 40 a iya tsayin da zan iya, wanda da taimakon madaidaici zai yi mini mita 15 ma, in ƙara wata wayar ta mita 20 a mahaɗa ɗaya. Makon farko kuma sauraro kawai zan yi, in ji yadda ake kira da yadda ake amsawa, in tuna cewa ƙasa da megahaz 10 galibi LSB ake amfani da shi a murya, sama da haka USB (nau'o'in SSB biyu ke nan, wannan USB ɗin ba kafar kwamfuta ba ce). In ka auna filin ka kuma yi gwajin kashe wutar nan, ka turo mini tsawon da ka samu da abin da ma'auni ya nuna a mita 40 da mita 20, sai mu tsara eriyar tare.